Akushin Inna Kande

Litinin, 6 ga Yuni, bayan la'asar

Na iso Isa. Motar da ta kwaso ni daga Sabon Birni ta tsaya a hanya tana neman ruwa, ita ma. Gonakin da munka wuce duk an yi binne, yayyafin watan jiya ya ruɗi hatsi ya fito, sannan rana ta bi shi ta ƙone. Ba kore ko na magani sai tumfafiya.

An ba ni ɗaki a bayan sakatariya, da gadon ƙarfe da randa wadda ba ruwa. Takardar shaidata kuwa na rataye ta a bangon ofis, cikin firam ɗin da na sayo a Sakkwato. Ƙusar da na iske a bangon ta kalandar wanda ya riga ni ce. Na sauke kalandar na sa a durowa. Ba za ni yi zancensa ba yau.

Tun da sabuwar doka ta fito, ba mai sa hannu a sayen kayan gwamnati, ko tsintsiya ce, sai wanda ya yi kwas, ya ci jarrabawa, anka ba shi shaida. Cikin waɗanda munka tafi daga wanga yanki ni kaɗai na dawo da ita, shi ya sa anka tumɓuke ni anka dasa nan. Aikin farko ma yana jirana: iri. An ba da kuɗin sayen irin gero mai saurin nuna, a raba wa waɗanda shukarsu ta ƙone. In ruwa ya sauka iri bai iso hannunsu ba, bana ta wuce su.

Matata Safiyatu ta ce za ta biyo ni in yara sun samu hutu. Haka dai ta ce.

Talata, 7 ga Yuni, bayan magariba

Na idar da salla ke nan na ji sallama a bakin ƙofa. Wata tsohuwa ce, doguwa, da akushi a ka an rufe da faifai.

"Baƙon ga na ciki? Ni ce Kande, yayar Alhaji Ɗanmusa. Ga tuwo, ɗana. Baƙo ba shi kwana da yunwa unguwag ga."

Ta sauke ta ɗaga faifan. Tuwon gero, miyar kuka, man shanu yana yawo a kai. A shekara irin wagga! Wallahi sai da yawuna ya tsinke.

Amma sunan ya riga ya shiga kunnena. Alhaji Ɗanmusa shi ne babban 'yan hatsin garin, ko makaho ya san zai nemi kwangilar iri. Kuma maganar malamin da ya koyar da mu a kwas ba ta bar kaina ba: ko ruwan sanyi ne kada ku sha a hannun mai neman kwangila, wanda ya ci ya sayar da sa hannunsa, kuma za a karɓe shaidarsa. Mun yi rantsuwa a kan haka, kowa ya sa hannu.

Na ce, "Inna, na gode, Allah shi saka da alheri. Sai dai doka ta hana ni."

"Doka ta hana ka cin tuwo?"

"Tuwon gidan mai neman kwangila, Inna."

"Ni na tuƙa shi. Ni kwangilar mi nika nema?"

Ta dube ni, ta dubi akushin, ta mayar da faifai, ta ɗora a ka. Daidai lokacin mutane ke fitowa daga masallaci, ta ratsa ta cikinsu da kayanta.

Na jiƙa garin kwaki na sha. Na yi daidai.

Laraba, 8 ga Yuni, da hantsi

Na liƙa sanarwa a ƙofar sakatariya da bakin kasuwa, na aje akwatin da masu neman kwangila za su jefa farashinsu, na sa masa kwaɗo. Doka tana son aƙalla mutum uku su kawo farashinsu a rufe, a buɗe gaban jama'a, a zaɓi wanda ya fi dacewa.

Wani dattijo ya zo a kan keke, ƙafarsa fari fat da ƙura, ya ce sunansa Yari, daga Kamarawa. Bai yarda ya zamna a kujera ba, ya tsuguna bakin ƙofa.

"Malam, an ce kai ne mai iri."

Na ce ni mai saye ne, in an saya za a kawo musu har gida.

"Tau. Binne biyu na yi, duka sun ƙone. Sauran da ke cikin tukunya jikoki sun ci. Yaushe za ni dawo?"

Na ce mako mai zuwa in sha Allahu. Ya yi ta godiya kamar na ba shi wani abu.

Juma'a, 10 ga Yuni, bayan sallar Juma'a

Na miƙa wa mutum hannu a masallaci, ya ba ni kan yatsu. Na gaba ma haka.

Mai shayin bakin tasha ya ce, "A'a, Malam mai doka! Shayin ga dai ta yarda, ko sai mun buga waya Sakkwato?" Benci duka ya kwashe da dariya. Ni ma na yi, don kada a ce. Da na zamna, na kusa da ni ya tuna yana da uzuri.

Lahadi, 12 ga Yuni, da azahar

Na kira gida. Yara lafiya, akuya ta haihu, ruwan rijiya ya ja baya. Da can kafin Safiyatu ta kashe waya sai ta ce, ka ci abinci? Yau ba ta ce ba.

Laraba, 15 ga Yuni, da yamma

An buɗe akwati gaban sakatare da ma'aji da 'yan kallo. Ba komai ciki sai wani busasshen kyankyaso. Na kifa shi na girgiza, kamar wani abu zai faɗo. Kai, yau na ga wulaƙanci!

Da jama'a sunka watse sakatare ya ja ni ofishinsa ya tura ƙofa.

"Maliki, kai ba Bagobiri ba ne? A Tsamaye anka haife ka ko a London?"

Na ce, ranka shi daɗe, mi ya faru?

"Kana tambaya! Akushi in ya koma gida ba a taɓa shi ba, magana biyu ce: ko kana zaton an zuba maka wani abu, ko ka yanke zumunta. Ko loma guda ka gutsura ka mayar, da ba wanda ya ji. Tsohuwar nan gero ta auna daga na bakin jikokinta ta tuƙa maka, ka sa ta ratsa unguwa da shi a ka. An ce kwana ta yi tana kuka. 'Yan hatsi sun haɗa baki, sun ce mai ƙyamar tuwonsu shi ƙyamaci hatsinsu."

Na ce ni doka na bi. Ya ce ya sani, shi ma ya karanta ta, amma dokar ba ta da rumbu.

Na sani sarai, ai a gidanmu ma haka ake. Abin da ya ba ni haushi ke nan. Wata uku na kwas sun shafe mini abin da uwata ta koya mini tun ina rarrafe, ko kuwa tsoro ne ya rufe mini ido. Duk da haka na san dalilin dokar. Da idona na ga takin da anka taɓa sayo wa manoma rabinsa yashi, na ga injin ban ruwa da bai taɓa tashi ba, kuma duk daga ɗan tuwo da ɗan goro abin ke farawa. Na yi daidai. Sai dai daidai ɗin bai sa komai cikin akwati ba.

Malam Yari ya zo. Na ce mako mai zuwa.

Alhamis, 16 ga Yuni, bayan magariba

Na wuni kasuwar Shinkafi ina neman wanda zai kawo farashi. Gero akwai, amma na ci ne, an gauraya na ko'ina da ko'ina, ba mai iya rantsuwa wane iri ne ko kwana nawa yake yi. Wani ya ce shi zai rantse in ina so. Na bar shi da rantsuwarsa. Duk wanda ya san abin da yake yi amsa guda yake ba ni: irin ƙwarai mai saurin nuna yana Isa, rumbun Ɗanmusa, mi ya kawo ka nan?

Na dawo da ciwon kai da biredi.

Asabar, 18 ga Yuni, da safe

Ba hadari.

Litinin, 20 ga Yuni, bayan la'asar

Na gan shi yau. Tun da na zo nake canza masallaci don kada mu haɗu, sai ga shi a bakin famfo yana jiran layi da jarka, shi da a da ake kai wa ruwa har gida.

Ba ni faɗin sunansa, ko a takarda hannuna ba ya yarda. Baba. Mahaifin Safiyatu. Shi ya riƙe kujerar nan tun ina makarantar firamare, shi ya kai takarduna anka ɗauke ni aiki, shi ya ba ni 'yarsa. Tare munka tafi kwas, benci guda. Ranar jarrabawa ina jin numfashinsa kusa da ni, yana neman haruffa a kan kwamfuta da yatsa guda har lokaci ya cika. Da sakamako ya fito shi ya fara yi mini barka. Yanzu yana gida, sun ce sai wata shekara ya sake zaman jarrabawar, shi kuwa saura kaɗan ya yi ritaya.

Na cire takalmi na durƙusa. Ya amsa da sakin fuska, ya tambayi yara, ya tambayi aiki. Na miƙa hannu in karɓi jarkar, ya ce bar ta, ba nauyi. Har na juya ya ce, "Ana dai ba ka abinci?"

Na ce ana ba ni, Baba.

Da ya zage ni da na fi samun barci.

Laraba, 22 ga Yuni, da hantsi

Malam Yari. Ya ce ya sayar da tunkiyarsa, ta rame har mai saye yana yi masa ba'a. Ya ce ɗansa da ke Ibadan yana aiko masa shi kwashe iyali shi taho, shi kuwa ya ce ina, gonar ubansa ba ta taɓa kwana damina ba shuka ba.

"Malam, iri ya iso?"

Mako mai zuwa. Bakina ya fara jin kunyar kalmar.

Alhamis, 23 ga Yuni, da azahar

Na kwana biyu ina juya littafin kwas, na samu ƙofa. In an shiga halin gaggawa, fari ko ambaliya ko annoba, doka ta yarda a saya a hannun mutum guda ba sai an tara uku ba, muddin an rubuta dalili. Na rubuta, shugaban ƙaramar hukuma ya sa hannu, na buga wa hukumar da ta ba mu shaida waya a Sakkwato, sunka ce ba laifi. Alhamdu lillahi. Har na sayi tsire na ci ni kaɗai a ɗaki don murna.

Asabar, 25 ga Yuni, bayan la'asar

Murna ta koma ciki.

Na iske Alhaji Ɗanmusa a rumfarsa, gajere ne, mai furfura, yana ɗinke bakin buhu da kansa. Ya sa anka ba ni tabarma. Ba wanda ya kawo ruwa, kuma na gane da gangan ne. Na yi bayani, ya saurara har na ƙare.

"Ni ban hana iri ba, Malam. Ga shi can. Mutanen Maraɗi sun taya har sun gaji, na ce na mutanenmu ne. Farashin da gwamnati ta sa ma na yarda, ban ƙara ko kwabo."

Na ce to Alhaji, sai mu rubuta.

"Tsaya. Kande ita ta goye ni da uwarmu ta rasu. Ban taɓa ganin hawayenta ba sai a kanka. Gaban jama'a ka mayar da ita, gaban jama'a za ka gyara. Ka taho garkata da magariba, ka wanke hannu, ka sa cikin akushi tare da mu. Wanshekare a loda."

"Alhaji, in na ci, an karɓe shaidata. Aikina ke nan."

"Ni ma yayata ke nan."

Ya koma kan ɗinkinsa. Taurin kai dai, wallahi! Mutum ya riƙe abincin gari guda saboda loma ɗaya. Ina tafe ina zaginsa a zuci har na iso ɗaki, sannan na tuna lomar nan ɗaya ni ma ita na riƙe.

Lahadi, 26 ga Yuni, da safe

Na sayi goro na tafi gaida Inna Kande. Ta fito zaure, ta karɓa, ta sa albarka. Na yi ta ba ta haƙuri.

"Ni ban riƙe ka ba, ɗana. Amma matan unguwa har yau in na wuce sai su ce, Kande, mi kika zuba a miya? Wasa sukai. Ni dai ban jin shi wasa."

Talata, 28 ga Yuni, da azahar

Na sake kiran Sakkwato. Na tambaya ko akwai wani mai shaida da za a turo shi sa hannu a madadina. Babu, sai rukuni na gaba sun gama kwas bayan salla. Na ce to in jami'i ya ci abinci a gidan mai sayarwa, ba don komai ba sai don al'ada, a gaban mutane, ba a ɓoye ba? Matar da ta ɗauka ta ce, Malam Maliki, kai ka zo na ɗaya a ajinku, ka fi ni sanin abin da ke rubuce.

Na sani. Shi ne ciwon.

Laraba, 29 ga Yuni

Yari. Ban fito ba, na ce a ce ina taro. Ta taga na ga ya daɗe tsugune kafin ya hau kekensa.

Juma'a, 1 ga Yuli, da yamma

An yi roƙon ruwa a filin idi, har da shanun Fulani anka koro, ƙashin haƙarƙarinsu a waje. Kowa ya juya rigarsa. Ina cikin sahu ina cewa amin, wani gefen zuciyata yana cewa Allah ka ɗan jinkirta har in samu mafita. Subhanallahi. Gari duka na kuka a ba shi ruwa, ni ina tsoron ruwa.

Na kira gida ba a ɗauka ba. An yi hutun makaranta tun jiya.

Lahadi, 3 ga Yuli, bayan la'asar

Gabas ta yi baƙi. Iska tana ƙamshin ƙasa. Na zamna na zura wa firam ɗin nan ido. Ni ne na farko a gidanmu da ya riƙe takarda irin wagga. Ranar da na kawo ta Tsamaye, gwaggona ta shafa gilashin da hannu biyu ta shafa a fuska. In takardar ta tafi, a mayar da ni sito ina ƙirga tsintsiya, kuma duk inda na wuce a ce ga wanda ya ci.

Litinin, 4 ga Yuli, da hantsi

Ya sauka tun asuba, kamar da bakin ƙwarya. Yara na ta ihu cikin kwata, mata sun fito da duk abin da ke riƙe ruwa. Ɗakina ya yi yoyo daidai kan gado.

Malam Yari ya iso jiƙe sharkaf, ya turo keken don laka ta hana shi hawa. Yau bai tsuguna ba, har gaban tebur ya shigo, yana dariya da haƙoransa uku.

"Malam, Allah ya yi! Za ni koma in sare gonar duka da sungumi, in iri ya iso sai zubawa kawai. Yau ko gobe?"

Na ce gobe.

Talata, 5 ga Yuli, bayan la'asar

Ya zo. Ya ce ya sare ta tun daga bakin hanya har gindin kuka, ramuka na jira. Ya ce ƙasarsu jigawa ce, ba ta riƙe laima. Bai yi faɗa ba. Da ma ya yi.

Da magariba na sa riga na kama hanyar gidan Alhaji. Na kai har kwanar masallaci, na hango su zaune a garka, na juyo.

Rana ta yi zafi yau kamar ba a taɓa ruwa ba.

Laraba, 6 ga Yuli, da azahar

Bai zo ba. Na fita bakin ƙofa na duba hanya, na dawo, na sake fita.

Laraba, bayan isha'i

Na ci.

Bari in rubuta yadda anka yi. Ana idar da magariba na bi sahun mutane har garkar Alhaji. Dattawa ne zaune sun kewaye akushi, maƙwabta na tsaitsaye, da sunka gan ni zance ya mutu. Na yi sallama. Alhaji ya amsa, ya ce a kawo buta. Sai da na durƙusa za ni wanke hannu na ga wanda ke zaune dama da shi.

Baba ne. Ashe nan yake cin tuwon dare tun da ya bar aiki.

Ni da surukina a akushi guda? Ko ruwa ban taɓa sha a gabansa ba tun da anka ɗaura aure. Doka ta hana ni ci, kunya ta hana ni ci, ga jama'a sun zuba ido. Na tsaya da hannu a jiƙe kamar wawa.

Baba bai dube ni ba. Ya suɗe yatsunsa, alhali ko loma uku bai yi ba, ya ce, "Alhaji, na manta ban ɗaure akuya ba." Ya ɗauki takalmansa ya miƙe. Kowa a wurin ya san ba shi da akuya. Karo na biyu ke nan da ya tashi ya bar mini wuri.

Na zamna inda ya tashi, tabarmar da sauran ɗuminsa. Na sa hannu. Ba tuwon ranar nan ba ne. Dusa ce anka tuƙa da ɗan gari, miyar kuwa tafasa ce da gishiri, ba mai ba daddawa. Buhunan iri jibge a bayan katangar nan, mutanen gidan na cin dusa ba su taɓa su ba. Lomar farko ta tsaya mini a wuya, na tura ta da ta biyu. Na ci har na ga gindin akushi.

Daga cikin zaure na ji muryar Inna Kande: "A ƙara mishi?"

Alhaji ya ce, "Ƙyale shi hakanan, kada doka ta ƙware." Anka yi dariya, wagga karon har da ni a ciki. Sannan ya ce a gaya wa direbobi su kwana da shiri.

Alhamis, 7 ga Yuli, da yamma

Na duba buhu buhu, na sa hannu, an loda. Tozai, Kamarawa da sauran ƙauyuka, kowace mota da mai unguwarta a gaba. Kafin azahar an ce mutane na cikin gona, har mata da tsofaffi. Sakatare ya dafa kafaɗata.

Wanda ya raka motar Kamarawa ya dawo ya ce an kira sunan Yari ba a amsa ba. Maƙwabcinsa ya karɓar masa.

Juma'a, 8 ga Yuli, bayan la'asar

Labari ya riga ni isa Sakkwato. Ban san wanda ya kai ba, ban kuma nema ba, ai rabin unguwa na tsaye. Matar nan ce ta kira. Ta ce an dakatar da shaidata har kwamiti shi zamna, in zo da ita ranar Litinin. Ta ce sayen da anka yi yana nan, ba za a taɓa shi ba. Sannan ta sassauta murya ta ce, wataƙila ƙazafi ne, in ka musanta za a duba.

Na ce ba ƙazafi ba ne, Hajiya. Na ci, har na suɗe.

Na sauke firam ɗin na naɗe cikin zane. Na ciro kalandar Baba daga durowa na mayar a ƙusarta, ko da ta bara ce.

Safiyatu ta kira, ita da kanta. Mun gaisa, na tambayi yara. Can ta ce, "Ka ci abinci?" Na ce na ci. Ta ce, "Na ji."

Asabar, 9 ga Yuli, bayan la'asar

Na hau mashin zuwa Kamarawa da sassafe. Gidan Malam Yari an jingine ƙofa da ƙaya. Maƙwabcinsa, wani Alhassan, ya ce ranar Laraba da asuba ya sayar da keken, ya kwashi tsohuwarsa da jikoki sunka hau motar kudu. Ya ce daren Talata da ya dawo daga Isa bai yi magana da kowa ba, ya dai tafi gona ya daɗe tsaye. Laraba da asuba. Ni kuwa Laraba da magariba na wanke hannu.

Na ce shi nuna mini gonar. Tun daga bakin hanya har gindin kuka ramuka ne, layi layi, a miƙe kamar an ja da igiya, kowane da 'yar ƙasarsa a gefe. Ba komai ciki. Alhassan ya ce sun gaya masa kada shi sara tun iri bai zo ba, rami buɗe saurin bushewa yake, ya ce a'a, Malam ya ce gobe.

Na ce ina rabon nasa? Ya ɗauko a ƙwarya. Ya ce shi tasa gonar ma ba ta ƙare ba, ba shi da hannun da zai ba ni. Na ce ban nema ba.

Na tuɓe takalmi, na naɗe ƙafar wando. Rabona da shuka tun ina sakandare, amma diddige bai manta ba. Saman ramin ya bushe ƙurmus. Na tura yatsa can ƙasa na ji ɗan sanyi, kaɗan, ban san ko zai isa ba. Na zuba, na rufe, na taka, na matsa gaba.

Na kai rabi rana ta kore ni. Ga ni gindin kukar ina rubutu, bayana kamar an sassara, kuma ba wanda ya san ina nan sai Alhassan. Jibi ne Sakkwato. Bari in tashi, sauran ramukan na jira.